Layin Malam Adam

Gorar tuƙin ta sake maƙalewa. Inuwa ya fizge ta ya ajiye, ya ɗauki adda ya ci gaba da saran kacala. Tun hantsi suke cikin ruwa, ga shi rana ta take tsaka, kwalekwalen bai yi rabin hanya ba. Wanda bai taɓa saran wannan ciyawa ba kada ya sa baki. Kafin ta cinye rafin, mutum kan bar shayi a gida ya kai bakin kwalta bai huce ba.

Malam Adam na kwance a tsakiyar jirgin, kansa bisa cinyar matarsa Saude, tana yi masa fifita. Ƙafafunsa sun kumbura, takalmi ma ya ƙi shiga. Shekara talatin katanga ɗaya ce tsakaninsa da Inuwa, a wani ƙauye bayan Guri.

"Babarbare," ya ce, numfashi na fita da ƙyar, "ashe tuƙin ma ba ka iya ba?"

"Yi mana shiru, Bafillatani. Da saniya ce ba lafiya, da tuni ka ɗora ta a ka ka kai Haɗeja."

Adam ya so ya yi dariya, tari ya tare shi.

Ciwon ƙoda ne. Litinin da Alhamis ake yi masa wankin ƙoda a asibitin birni, inji kaɗan, masu jira da yawa. Ranar Litinin layi ya zo kansa, shi ne na ƙarshen da za a sa a inji a ranar. A bayansa akwai wata Bushira, da goyo, ta kumbura har ido ba ya buɗuwa. Adam ya dube ta, ya miƙe ya ce a sa ta.

Nas ta ce, "Baba, jikinka ba zai jira ba."

"Ƴar nan, mai shayarwa ce. Alhamis ba nisa."

Inuwa ya yi faɗa har ana kallonsa. A banza. Mutumin da ko a kwano ɗaya ba ya yarda ya ɗauki lomar ƙarshe.

Talata ruwa ya cinye hanya. Alhamis da Juma'a Inuwa ya gwada jirgi, igiyar ruwa ta mai da shi. Yau Asabar.

Ya yi ta sara. Tafin hannunsa ya fashe, bai ji ba. Sara uku, tura ɗaya. Sara uku, tura ɗaya. Bayan la'asar ya hango kwalta, da wani mai adaidaita a tsaye ƙarƙashin bishiya.

"To ga ta nan, sai ka tashi ka nuna mana gudun Fulani."

Sai a lokacin ya lura ƙarar mafici ta ɗauke, bai san tun yaushe ba.

"Malam Inuwa," in ji Saude, "bar saran haka."

Bai waiwaya ba. Ya ƙara sara huɗu ko biyar, sannan ya ajiye addar. Ta riga ta rufe wa Adam fuska da gefen mayafinta.

Nan ne sabis ke kamawa. Waya ta yi ƙara cikin ledar da aka ƙulle katin asibiti. Saude ta miƙo masa. Muryar nas ɗin ce.

"Ina Baba Adam? Tun Alhamis muke kira. Mun ajiye masa wuri, ko yanzu kuka zo."

"Mun gode," Inuwa ya ce. "A ba na bayansa."

Ya mai da wayar cikin leda, ya ƙulle kamar yadda ya gan ta. Mai adaidaita yana ɗaga musu hannu. Inuwa ya kafa gora, ya juya kan jirgin.

Hanyar da ya wuni yana sara tana nan a buɗe, daidai faɗin kwalekwale. Jirgin ya bi ta sumul, ko sau ɗaya gorar ba ta maƙale ba. Tun ba a kira magariba ba suka hango katangar gida.