Ranar da Allurar Badaru Ta Dakushe

Da ciwon Baba ya tsananta a daminar bana, ni na kira ƙanena Badaruddeen a Jamus, inda yake karatu, na ce in yana son ya tarar da mahaifinsa da rai to ya kamo hanyar garinmu Durun. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya taho.

Abu guda Baba ya nema a wurinsa. Ya riƙe hannunsa a gabana ya ce, "Badaru, kai kaɗai ne namiji cikin 'ya'yana. In ta Allah ta kasance, kai za ka shiga ramin ka kwantar da ni. Ba na son hannun wani."

Badaru ya ce, "In sha Allahu, Baba."

To amma gangar jikinsa ce a gida, hankalinsa yana can wurin wata allura. Ina dama wa Baba kunu ya yi mini bayaninta. Wai na'ura ce mai siririyar allura, tsininta ƙwayar zarra ɗaya tak. Tana bin saman abu tana lalube kamar makaho da sanda, har ta zana hoton ƙwayoyin zarrar ɗaya bayan ɗaya. A da sai mutum ya zauna ya tsare ta, in tsinin ya dakushe ya gyara. Shi ne ya koya wa kwamfuta ta riƙa ganewa da kanta, ta gyara, ta ci gaba ba mai tsaro. Aikin digirinsa ke nan, kuma a makon nan aka fara sakin ta ita kaɗai.

Na ce, "Madalla. Tunda ta iya kiwon kanta, sai ka zauna mu yi jinya."

Ina! Hali zanen dutse. Badaru tun yana ƙarami in ya shuka gyaɗa sai ya tono ta ya ga ko ta tsiro. Kullum yana kan tudun bayan gari, inda sabis ke leƙowa in ya ga dama, ya ɗaga waya sama yana jira.

Ranar Talata da hantsi ya shigo fuska a murtuke. Wai saƙo ya shigo, allura ta dakushe, kuma sabis ɗin tudu ba zai buɗe masa na'urar ba sai ya je Kabo.

"Ba kai ka ce tana gyara kanta ba?"

"Haka na tsara ta, Yaya Umma, amma ba ta taɓa yi ba na kusa ba. In ta caki farantin da take lalube ta karye, wahalar shekaru ta tashi a banza."

"Ka ji numfashin Baba kuwa yau?"

Ya leƙa ɗakin, ya ga Baba yana barci. "Yanzun nan zan dawo, kafin azahar."

Na ji haushi ƙwarai. Ya ari babur a maƙwabta ya fita.

Bai jima da tafiya ba numfashin ya sauya. Baba ya buɗe ido ya dubi ƙofa. "Badaru fa?"

Na ce yana zuwa. Na riƙa maimaita masa kalmar shahada yana bi a hankali, har ya cika. Ni na rufe masa ido.

Aka hau tudu aka kira Badaru, waya ta ƙi shiga. Aka tura mutum Kabo, ya zaga tasha da kasuwa bai gan shi ba. Ashe can ma sabis ya ɗauke, Badaru ya zarce Gwarzo. Ana haka hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. An yi wanka, an yi sutura, an gama kabari. Na ji ana shirin ɗaukar makara, na fito har bakin zaure, abin da ban taɓa yi ba cikin maza.

"Malam, don Allah ku ɗan dakata. Wasiyya ce."

Liman ya ce, "Ummukulsum, ki yi haƙuri. In ruwan nan ya sauko ramin zai cika. Haƙƙin mamaci ne a gaggauta."

Gaskiyarsa ce, na koma ciki. Suka yi masa salla suka ɗauke shi, iska tana kaɗa tabarmar da aka rufe makarar. Suna dawowa ruwa ya kece.

Sai bayan la'asar Badaru ya iso, jiƙe sharkaf. Ya ga mutane cike da zaure ana shafa fatiha. Bai tsaya ba, ya faɗo cikin gida, ya leƙa ɗakin Baba ya ga an naɗe katifa. Ya durƙusa a tsakar gida cikin taɓo.

Ina son yaron nan, ni na goye shi. Amma a ranar zuciyata ta bushe, ko hawaye babu. Na tsaya a kansa na ce, "Allurar ta karye?"

Ya girgiza kai.

"Magana nake maka."

"Ta gyara kanta, Yaya. Tun kafin in bar Durun ta gyara. Hoton ma ya fito." Can ya ɗago ya ce, "Wa ya kwantar da shi?"

Na ce, "Ban sani ba, Badaru. Mata ba sa zuwa maƙabarta. Tashi ka fita zaure ka tambaya."