Gawa Arba'in da Ɗaya

A kamfanin ruwan kowa Na-ƙasa yake ce masa, don ofishinsa a ƙarƙashin bene yake, bayan ɗakin da ake jibge karyayyun kujeru. Da su huɗu ne a wurin. Aka kwashe uku aka kai sabon gini, aka bar shi da tsohuwar kwamfutar da ke lura da famfunan gari, saboda ita ba ta ɗaukuwa. Ɗakin ba taga, kuma sanyin na'ura ya sa ko da tsakar rana da rigar sanyi yake zama. Matarsa malamar makaranta ce, an yi mata canjin wurin aiki zuwa wani gari mai tafiyar yini guda, ta tafi da 'yan matansu biyu. Sukan yi waya da yamma, amma a gajiye take, yara na ta hayaniya, hirar ba ta wuce "Ka ci abinci?" da "Na ci."

Sai manhajar famfunan ta fara faɗuwa. Kullum da ƙarfe sha ɗaya na safe za ta mutu, sai ya tashe ta da hannu. Duk faɗuwa kuma kwamfutar takan juye abin da ke cikin ƙwaƙwalwar manhajar a wannan daƙiƙa cikin wani fayil mai suna core, da lamba a gaba. Shi gawa yake ce wa fayil ɗin, tunda a jikinsa ake duba abin da ya yi kisan.

Kamfani ya nemo wadda ta rubuta manhajar shekara goma sha biyu da suka wuce. Injiniya ake ce mata. Ta bar aiki tuntuni, tana can garinsu tana jinyar mahaifiyarta, amma ta yarda ta taimaka ta waya.

Haka suka kafa al'ada. Sha ɗaya da kwata zai buɗe baƙin allo ya buga ls -lh ya ga sabuwar gawa, ya matse ta da gzip don ta ragu, ya tura mata da scp, sannan ya buga df -h ya ga sauran wurin da ke kan faifai. Sha ɗaya da rabi wayarsa za ta yi ƙara.

"Ƙanena, an sake rasuwa?"

"An sake, Yaya. Na turo miki mamacin."

"To Allah ya jiƙan rai. Bari in ga ko yau zai yi magana."

Kafin fayil ɗin ya gama sauka a wajenta, don layinta rarrafe yake yi, sai su yi ta hira. Ta ba shi labarin yadda tsohuwa take ɓoye magani a ƙarƙashin harshe, in an juya baya ta tofar. Shi kuma ya ba ta labarin ƙaramar 'yarsa da ta faɗi haƙori ta ƙi yin dariya a hoto. Wata rana ta tambaye shi ko har yanzu kujerar nan mai ƙafa guda gajera tana nan. Ya ce a kanta yake zaune. Ta yi dariya har da tari.

Amma gawar ba ta magana. Kullum ta buɗe, sai ta ce abin ya yanke a tsakiya, ba ta ganin inda ya kamata ta gani. Ta zargi layinta. Mako biyar suka yi a haka.

Ran wata Litinin yana kallon jerin fayilolin, ba don komai ba sai don ba wani aikin, ya lura duk girmansu ɗaya ne cif. Ya buga ulimit -c. Lamba ta fito. Ashe wani ya taɓa sa wa kwamfutar iyaka, in gawa ta kai wani girma sai a datse ta. Guntun gawa yake ta tura wa baiwar Allah. Ya cire iyakar, ya sake tada manhajar.

Washegari fayil ɗin ya fito ninki uku. Kafin ya tura, ya ce bari ya leƙa. Ya buɗe shi da gdb yadda ya sha jin tana faɗa, ya buga bt don ya ga inda manhajar take lokacin da ta mutu, layuka suka zubo. A layi na huɗu ya ga sunan sabon famfon da aka haɗa watanni biyu baya, wanda ke aiko da rahotonsa ƙarfe sha ɗaya. Wanda ya shigar da sunan ya rubuta shi da haruffa masu ƙugiya har uku. Kwamfuta kuwa kowane mai ƙugiya gurbi biyu take ba shi, sunan ya fi ƙarfin wurin da aka tanadar masa, ya malala kan abin da ke kusa. Shi ke nan ciwon. Gyaran layi ɗaya ne.

Ya jingina da kujera, cike da murna. Sai wayar ta yi ƙara, murnar ta koma wani abu daban.

"Ƙanena, yau shiru. Ba ka turo ba."

"Yanzu zan turo, Yaya."

Ya ɗauki ta jiya, datsattsiya, ya canza mata suna da mv, ya tura. Cikakkiyar kuma ya buɗe mata wata jaka can gefe a cikin kwamfutar ya ajiye.

Kwana uku yana haka. Yana tashin manhajar cikin minti biyu, ba wanda ya rasa ruwa, da wannan yake lallashin kansa. Amma abinci ya daina yi masa daɗi. Da matarsa ta tambaye shi me ke damunsa, ya ce sanyin ofis ne.

A rana ta huɗu muryar Injiniya ta fito a dushe.

"Na gaji da wannan abu. Na yi magana da maƙwabciyata, za ta riƙe mini Inna kwana biyu. Jibi zan shigo mota in zo in gani da idona."

Ya dubi ɗakin. Har ya hango inda zai jawo mata kujera, da kofi na biyu da zai wanke.

"Ita maƙwabciyar ta san zancen maganin?" ya tambaya.

"Zan faɗa mata. Ko za ta iya da Inna, oho."

Ya ƙura wa jakar da ya ɓoye cikakkiyar gawar ido har ta ce, "Kana ji na?"

"Yaya, kada ki zo. Na gano abin."

"Yaushe?"

"Tun Talata."

Ya faɗa mata komai, da iyakar, da sunan famfon, da tsohon fayil ɗin da yake sake wa suna. Bai kawo dalili ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta cikin wayar yana jin wata murya a raunane tana kiranta daga wani ɗaki.

"Kwana uku ina barin tsohuwa tana kira, ina ƙura wa allo ido," ta ce a hankali.

"Ki yi haƙuri."

"Turo mini cikakken."

Bayan awa guda gyaran ya iso a saƙo, ba waya. Layi ɗaya ne, kamar yadda ya zata. A ƙasa ta rubuta: "Idonka ya fi nawa, ka koyi aikin nan sosai. Ka gaida yara."

Ya sa gyaran. Washegari manhajar ba ta faɗi ba, jibi ma haka. Shugaban sashe ya aiko da saƙon yabo ga Injiniya, ya sa sunan Na-ƙasa cikin waɗanda aka tura wa kwafi, ya kuma ce a share tarkacen tunda faifai ya kusa cika.

Ya buga find ya nemo duk fayil mai suna core, ya ƙirga su: arba'in da ɗaya. Ya bi jerin da ido sau biyu don kada wani abin kirki ya shiga ciki, domin abin da rm, umarnin sharewa, ya ɗauke ba ya dawowa. Sannan ya danna. Ko daƙiƙa uku ba a yi ba, allon ya dawo masa da layi wayam.

Ya rubuta mata saƙo yana tambayar jikin Inna, ya goge, ya sake rubutawa a taƙaice, ya tura. Amsa ta zo bayan kwana biyu: "Da sauƙi, na gode."

Ranar ya buɗe sabon fayil a jakar manhajar, ya fara rubuta bayani don wanda zai gaje shi: inda gawa ke faɗawa, yadda ake duba iyaka, yadda ake karanta layukan. Ya rubuta shi dalla-dalla, kamar mutumin yana zaune a gefensa bai san komai ba. Bai gama ba aka tashi aiki. Ya adana, ya kashe fitila, ya hau bene.