Kwalaben Murja

A Daura in ana zancen zumunci, da Farfesa Ya'u Maliki ake misali. Maza a teburin mai shayi cewa suke Turawa ma sai sun ambaci sunansa kafin su rubuta nasu binciken, kuma ɗaliban da ya yaye sun cika jami'o'i. Mata kuwa abin da ya fi burge su shi ne, duk watan azumi sai ya ajiye aiki ya bi hanyar Kwangwalam har ƙauyen da ƙanwarsa Murja take aure, don ya dubo ta.

Bincikensa a kan wani sinadari ne da ake kira fofirin. Ya taɓa yi wa Mati, mijin Murja, bayani: shi ke sa jini ja, danginsa ke sa ganye kore, kuma akwai waɗanda jikinsu ba ya haɗa shi daidai, sai ya riƙa bin fitsari. Murja tana cikinsu. In ciwon ya tashi, cikinta yakan murɗa har ta ciji zani, ƙafafunta su saki, fitsarinta in ya sha rana ya koma kamar zoɓo. Bai cika tashi ba sai azumi ya yi nisa. Matan unguwa suka sa masa suna ciwon da ya san wata.

Farfesa yakan zo da kular ƙanƙara da ƙananan kwalabe. Ta cika masa su da fitsari, ya naɗe su a baƙar leda, ya ajiye mata gwangwanayen madara ya tafi.

Shekarar da aka fara kama masu ci da rana cikin azumi, Mati ya je wurin liman.

"In masani ya ce azumin ne ke cutar da ita, ta sha, ku ciyar," in ji liman. "Amma ba zan ce ta sha a kan zato ba."

Mati ya kai maganar ga Farfesa.

"Ni ba likita ba ne, Mati, mai bincike ne. Ku dage da addu'a."

Haka Murja ta ci gaba da azumi. Kwanakin da ta faɗi kuma ta rama su bayan salla, ta sake faɗuwa. A hankali ƙafarta ta hagu ta daina ɗaukarta.

Bana, ana gab da ganin wata, aka ba Farfesa lambar yabo a ƙasar waje, gidan rediyo ya yi hira da shi da hantsi. Murja tana kan tabarma tana tsince wake.

"Tun a takardata ta farko na nuna yunwa ce ke tayar da ciwon," in ji muryarsa. "Mai shi bai kamata ya wuni bai ci ba. Lokacin ne ma sinadarin ke fita da yawa, har a samu na awo."

Mai hirar ya tambaye shi yaushe ya rubuta takardar. Ya yi dariya ya ce kafin a haifi babban ɗansa. Bara aka yi wa ɗan aure.

Mati ya kai hannu zai kashe rediyon.

"Bar shi, Malam, ya ƙarasa," in ji Murja.

Da azumi ya raba, sai ga motar Farfesa. Bayan gaisuwa ya miƙa kwalba, Mati ya tallafi Murja zuwa bayan gida, suka dawo. Farfesa ya ajiye kwalbar a kan turmi, a rana, ya tsaya yana kallonta. Launin fitsarin bai juya ba.

"Wane magani kika sha?"

"Tuwo, Yaya. Liman ya ji ka a rediyo."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Ai da kun sanar da ni. Akwai ɗalibata da digirinta ya rataya a kan awon bana." Ya rage murya. "Ko azumin kwana biyu ne, Murja. Daga shi an gama."

Ta sa hannu biyu ta ɗaga ƙafar hagu daga tabarma, ta sake ta. Ta faɗi kamar ice.

"Zan yi, Yaya. Masallaci ga shi can. Ka je ka faɗa wa liman da bakinka cewa in yi."

Bai motsa ba. Mati ya ɗauko gwangwanayen madarar da Farfesa ya kawo, ya jera masa su kusa da takalmansa.

Farfesa ya ɗauki kwalbar daga kan turmi, ya ɗaga ta ya sake dubawa. Ya naɗe ta a baƙar leda, ya sa a kula, ya danne murfin. Sannan ya durƙusa a bakin tabarmar, idonsa a ƙasa.

"Murja, na sani tun farko. Ki yafe mini."