Lasifika Biyu a Falon Malam Abdulfattah

Falon Malam Abdulfattah shi ne mafi girma a duk layinsu, kuma da gangan ya yi shi haka. A lokacin da yake malamin gona, yana yawo a babur daga Kuyello zuwa Saminaka yana nuna wa manoma yadda ake zuba taki da tazarar shuka, duk wanda ya shigo Birnin Gwari daga ƙauyukan nan gidansa ne masauki. Da ya tashi gyaran gida sai ya sa magini ya rushe bangon da ya raba ɗakuna biyu, ya kuma ciro wani yanki na tsakar gida ya haɗa. Matarsa Saliha ta yi ta mita a kan wurin shanyarta da aka cinye, amma ranar Sallah ita ce ke kai da kawo da kwanukan tuwo a tsakanin mutum talatin ko arba'in, tana dariya.

Daga baya hanya ta lalace. Mutanen daji suka hana kowa sakat, manoman da ya sani wasu suka bar gonakinsu, wasu suka bar ƙasar gaba ɗaya, wasu kuma sai dai addu'a. Ɗansa Naziru ya koma Kaduna da iyalinsa, 'yarsa Zakiyya tana aure a Zariya. Saliha ta rasu shekara biyu da suka wuce, bayan gajeriyar jinya. Ko da abubuwa suka ɗan lafa, motoci suka fara bin hanya, mutane sun riga sun saba da rashin zuwa. Kujerun falon ya rarraba wa 'yan'uwa, tabarmin suka tsufa aka zubar. Abin da ya rage kujera ɗaya ce ta katako mai hannu, da ɗan tebur, da ƙaramar rediyo mai batir.

Rediyon nan ita ce ta fara damunsa. A ɗakin kwana muryarta ta isa, amma shi ba ya son wuni a ɗakin kwana, don har yanzu a matsayin ɗakin Saliha yake kallonsa. A falo kuwa in ya kunna ta sai muryar ta tsaya a gefen tebur, ba ta kai ko tsakiya ba. Ga kunnensa na hagu ya fara nauyi. Wata Juma'a da ya dawo daga masallaci ya zauna yana jin labarai da rediyon manne a kunne, sai ya ga abin ya ishe shi. Washegari ya sa hula ya nufi shagon Micah.

Micah mutumin kudancin Kaduna ne, ya fi shekara ashirin a garin yana sayar da rediyo da lasifika a kusa da tasha. Shi ke ɗaura lasifikar coci, shi kuma ake kira in ta masallaci ta fara ƙugi. Mutum ne mai ƙiba, mai magana a hankali, Hausarsa tsaf sai ɗan karin harshe da bai bar shi ba.

"Malam, ina wuni. Batir ne ya ƙare?"

"Lafiya lau. Ba batir ba ne yau. Abin sauti nake so, wanda zai cika ɗaki."

Micah ya nuna masa wani saiti mai ƙananan lasifiku biyar da fitilu masu walƙiya, ya ce shi samari suka fi ɗauka. Ya nuna masa wasu manya baƙaƙe guda biyu irin na taron biki, kowace ta kai ƙirjin mutum. Sannan a can ƙasan kanta akwai wasu biyu na katako, na hannu ne amma masu lafiya, da injin ƙara sauti mai kama tashoshi, mai kuma cin kaset.

"Ba ni manyan nan," in ji Malam.

"Wane irin ɗaki ne?"

"Babba."

"To bari in zo in gani tukuna. Ba na son in sayar maka da abin da za ka dawo min da shi."

Ya zo ranar Litinin da la'asar sakaliya. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya shiga, ya tsaya yana kallon rufi da bangon siminti da tagogin da ba labule. Ya taka daga wannan bango zuwa wancan yana ƙirga taku a ransa. Da ya dawo tsakiya sai ya tafa hannu sau ɗaya. Tafin ya bugi bango ya dawo, ya sake dawowa, kafin ya mutu.

"Ka ji ko, Malam? Ɗakin nan yana amsa kuwwa. In na kawo manyan nan, ƙara za ka ji, ba magana ba. Mai labarai zai faɗi kalma ɗaya ka ji uku."

"Da ba ya yin haka."

"Da akwai kaya a ciki. Kujeru, labule, mutane. Su ke shanye sautin."

Malam ya shiga ciki ya ɗauko kwanon da ƙanwarsa Ruƙayyatu ta aiko masa da rana, dambu ne da bai ci rabinsa ba, ya kawo cokali biyu. Micah ya ce a ƙoshe yake, Malam ya ce ai ba a shiga gidan nan a fita haka. Kujera ɗaya ce, don haka dukansu suka zauna a ƙasa a kan darduma. Suka yi hirar damina, da farashin taki, da wani direba da dukansu suka sani. Sai da aka kira magariba Micah ya tashi.

Ranar Laraba ya kawo saitin mai fitilu a bayan a-kori-kura, don Malam ya ce yana so ya ji kowanne da kunnensa. Babu wuta, sai suka jona da batirin solar da Naziru ya sa aka ɗaura a gidan. Sautin ya fito siriri, mai kaifi, fitilun suna ta wasa a bango.

"Wannan na yara ne," in ji Malam.

"Na gaya maka."

"To kawo manyan mu ji."

Manyan sai da aka nemi mutum biyu suka kama. Micah ya murɗa kaɗan, tagogi suka fara rawa, ƙura ta zubo daga rufi. Wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko biki ake. Malam ya yi dariya har da tari, rabon da ya yi irin ta ya manta. A ranar ya riga ya sayi lemo da ƙosai ya ajiye, ya kuma aro kujerar roba daga maƙwabta. A nan ne Micah ya ba shi labarin iyalinsa. Shekarar da abin ya yi tsanani ya tura matarsa Mary da yaransu uku gida Zonkwa, da niyyar wata shida. Yanzu shekara biyar ke nan. Ƙaramar 'yarsa da ya bari tana koyon magana, yau in ya kira waya sai an lallashe ta take karɓa.

"A shago nake kwana yanzu," ya ce. "Gidan hayar na sake shi. Ɗaki uku ga mutum ɗaya, me zan yi da su."

Na katakon su ne na ƙarshe, kuma tun a minti na farko Malam ya san su ne. Micah bai jingina su da bango ba. Ya jawo su gaba kamar taku uku, ya raba su, ya ɗan karkato fuskokinsu ciki, sannan ya ɗauki kujerar Malam ya ajiye ta a inda suke kallo. Malam ya ɗauko wani tsohon kaset na kiɗan garaya da ya saya a kasuwar Kuyello tun yana aiki. Da tsirkiyar ta fara magana sai ya ji kamar makaɗin yana zaune a gabansa, har motsin yatsunsa ana ji. Ya runtse ido. Waƙa ɗaya ta ƙare, ta biyu ta kama, bai motsa ba.

"Yaya ka ji?" Micah ya tambaya.

Malam ya buɗe ido. Ya kalli lasifikun, ya kalli kujerar roba da Micah ke kai.

"Da dama dai. Amma kamar na hagun nan yana ɗan shaƙewa."

"Kunnenka ne na hagu, Malam."

"Wataƙila. Ka mayar da su tukuna, in yi tunani. Ko ka sake kawo manyan, mu gwada su a ƙaramin sauti."

Micah ya dube shi. Ya naɗe wayoyinsa ya kira mai mota.

Haka aka yi ta yi har kusan mako uku. Yau Malam ya ce a gwada na katakon da injin manyan, gobe ya ce a juya su su kalli ƙofa. Micah yana rufe shago da la'asar ya zo, bai taɓa nuna gajiya ba, bai kuma taɓa cewa a yanke magana ba. Ruƙayyatu ta lura kwanonta yana dawowa a sharce, ta fara ƙara abincin ba tare da ta tambaya ba. Malam kuwa tun azahar yake share falon ya yayyafa ruwa a ƙofar gida.

Wata Alhamis Micah ya zo da na katakon, da guduma, da wasu manyan tabarmin kaba guda huɗu a naɗe. Bai zauna a kujerar roba ba.

"Malam, yau zan ɗaura maka su. Ranar Asabar zan tafi."

"Ina?"

"Gida. Mary ta samo min shago a bakin kasuwa. Tun watan jiya aka gama maganar, ban dai faɗa maka ba ne."

Malam ya gyara zaman hularsa. Ya ce Allah ya sa hakan ya fi alheri, iyali ai su ne gaba. Ya ce ya yi daidai. Muryarsa ta fito yadda ya so, sai dai hannunsa ya kasa samun wurin zama, ya ɗora shi a tebur, ya sauke.

"Na ɓata maka lokaci da yawa," ya ce. "Tun ranar da na fara jin su na san waɗannan nake so."

"Na sani, Malam. Ni ma da yamma ba abin da nake yi a shagon."

Suka yi aikin tare. Malam yana riƙe tabarma, Micah yana kan tebur yana buga ƙusa, biyu a bangon baya, ɗaya a kowane gefe. Ya bi gindin bango da waya ya danne ta da ƙananan ƙusoshi don kada Malam ya yi tuntuɓe. Ya ɗiga jan fenti a kan maɓallin kunnawa, ya nuna masa iyakar inda zai murɗa in batir ne, da inda zai iya kaiwa in an kawo wuta. Ya ce in ya samu hali ya sa labule mai kauri a tagogin, kuma kada ya matsar da kujerar daga inda take. Ya rubuta masa lambar wani mai gyara a bayan kwalin kaset. Da suka gama Malam ya biya shi, ya raka shi har bakin titi, suka yi musabiha. Malam ya ce ya gaida Mary da yara, Micah ya ce za su ji.

Ranar Asabar Malam bai je tasha ba. Ya yi niyya, har ya sa riga, sai ya ga ba shi da abin da zai ƙara faɗa. Ranar Litinin da ya bi ta wurin ya tarar an riga an cire allon shagon, wani mai sayar da takalma yana jera kaya.

Lasifikun sun yi aikinsu. Labaran rana suna fita tar, kowace kalma a rarrabe, ana jin su har bakin ƙofar gida. Da safe yakan sa karatun Alƙur'ani, muryar ta bi falon a hankali har ƙarshensa. Ya sayi labulen kamar yadda aka ce masa. Kujerar robar ya mayar wa masu ita.

Bayan kamar kwana goma, da la'asar, ya sa kaset ɗin garayar ya kira Naziru.

"Baba, ina wuni. Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Tsaya ka ji wani abu."

Ya miƙa wayar wajen lasifikar dama, ya riƙe ta can har baiti ɗaya ya wuce, sannan ya mayar kunne.

"Ka ji?"

"Ƙara kawai nake ji, Baba, layin ba kyau. Rediyo ka saya?"

"Eh. Sai ka zo za ka ji shi sosai."

"In sha Allahu. Bari yara su yi hutu mu gani. Ina cikin mota ne yanzu, zan kira ka anjima."

"To. Allah ya tsare."

Ya ajiye wayar a tebur. Hadari ya haɗo ta gabas, iska tana ɗaga sabon labulen, ya tashi ya rufe tagogin ɗaya bayan ɗaya, guda shida. Kafin ya gama kaset ɗin ya kai ƙarshe ya tsaya. Ya juya shi, ya danna, ya koma kujerarsa ya jawo kwanon abincin. Ruƙayyatu ba ta rage yawansa ba tukuna. Ya ci abin da zai iya, ya rufe sauran, ruwa ya sauko.