Gwiwar da Mai Nasara ya ƙi ɗaurewa

Ni Hajara, kowa a Gaffati ya san bakina ba ya da linzami. Ranar da na kai ƴata Lubabatu Zango wurin Mai Nasara maɗori, na nuna halin.

Wata biyu gwiwarta na kumbure. Mu duka mun ce targaɗe ne ta samo wajen cirar gyaɗa. Tsohon ya shafa, ya danna, ya tambaye ta ko ta faɗi. Ta ce a'a. Sai ya ture karan ɗori da man shanu gefe.

"Baiwar Allah, wannan ba aikina ba ne. Ki kai ta asibiti a yi mata hoto yau ɗin nan."

Na ce maɗorin da ke tsoron ƙashi ai sai ya koma sayar da goro. Har da cewa tsufa ya cinye masa hannu.

Don haushi na je asibitin, in samo abin da zan ƙaryata shi da shi. Lokotoro, wato likitar, wata ƴar siririya mai suna Nafisa, ta sa aka yi hoto, aka ɗebi ɗan nama aka aika gwaji. Da sakamako ya dawo ta zaunar da ni.

"Inna, ƙwayoyin da ke gina ƙashi da guringuntsi suna da wani sinadari a ciki, furotin da ake kira p53. Idan ƙwaya ta lalace, shi ke hana ta hayayyafa. Na gwiwar Lubabatu ya daina aiki, shi ne ƙari na ciwon daji ya tsiro. Bai kai huhu ba tukuna. Da kun tsaya ɗori wata uku, ban san me zan ce miki ba."

Wata tara muka yi tsakanin magani da tiyata, gashinta ya zube, amma ta tashi da ƙafarta, tana ɗingishi kaɗan.

Na kama zakara, muka koma Zango. Kunya kamar in nutse. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini. Na gode, na gode. Yaya aka yi ka gane?"

Ya daɗe yana kallon yadda Lubabatu ke takawa.

"Na taɓa ɗaure irinta har sau uku," ya ce. "Zahra'u sunanta, ƴata ta fari, Allah ya jiƙanta. Ba wanda ya ce mini in tsaya."