Fim ɗin da Uwaisu Ya Fito a Ciki

Malam Sama'ilu bai taɓa kiran sunan Uwaisu ba, domin ɗan fari ne. Shi da matarsa Hure "yaron nan" suke ce masa, tun yana rarrafe har ya yi gemu. In ya zo gaisuwa da safe, uban yakan amsa yana kallon gefe. Haka suka gada, kuma kowa a ƙauyen yana yaba musu wannan alkunya. Ni dai ban ga abin yabo a ciki ba, amma ba a tambaye ni ba.

Shekarar da aka hana acaɓa a birni yaron ya dawo gida da babur ɗinsa. Ga taki ya yi tsada, ga gonar gado an yi ta rabo har ta koma kamar tabarma. Ya ɗan taɓa jigila tsakanin ƙauyen da Zakirai, abin bai kai ya kawo ba. Bayan kaka ya sayar da babur ɗin, ya hau motar shanu zuwa Kudu ci-rani. Motar ta kife a hanya. A can aka binne shi, labari kawai ya iso gida. Wayarsa ma ba a gan ta ba, don haka ko hotonsa babu a gidan. Hure ta karɓi gaisuwa ido a bushe, kamar yadda ake so uwar ɗan fari ta yi.

Sai da damina ta yi nisa wata maƙwabciya ta kawo mata magana. Ashe bara wasu 'yan fim sun zo daga birni, sun ɗebi samari masu babura sun yi wasan 'yan fashi, har da Uwaisu. Fim ɗin ya fito, ana nuna shi a gidan kallon Khalilu a Zakirai.

Malam Sama'ilu yana wanke fartanya ta same shi.

"Malam, ka je ka gano min yaron nan."

"Gidan kallo? Ni, da furfurata?"

"To ni zan shiga cikin maza? Ka je ka dubi fuskarsa, ka zo ka faɗa min. Ta fara ɓace min, Malam. In na rufe ido ta yarinta nake gani."

Gaskiyar ita ce shi ma ta ɓace masa, tasa ma ta fi muni, don bai taɓa tsayawa ya ƙare mata kallo ba.

Ranar kasuwa bayan azahar ya tafi. Gidan kallon rumfar kwano ce, an toshe kafofinta da buhunan taki don haske kada ya shigo. Janareta na ta kuka a waje, ciki kuwa zafi da warin gumi. Ya sunkuyar da kai ya nemi ƙarshen benci na baya. Ba wanda ya lura da shi, kowa ya zuba wa talabijin ido.

Fim ɗin dai sai a hankali. 'Yan fashin sun taho a jere kan babura ta cikin karan dawa, kowanne ya naɗe fuska da rawani, idanu kawai a waje. Dattijon ya ce a ransa, ai dai za su kwance rawanin. Su kuwa 'yan kallo, yawancinsu sun gani sun sake gani, ba labarin ya kawo su ba, tsiya suka zo yi.

"Dubi bindigar shugaban! Wallahi ƙotar gatari ce aka shafa wa baƙin mai!"

"Jinin fa? Zoɓo ne, ko sukari ba a sa ba."

"Kai, ku bar mutane su ji! Ai sun yi ƙoƙari, da me suke da shi?"

"Wane ƙoƙari? 'Yan fashin da akuya ta tsayar da su a hanya?"

Wani mai faci a gaba ya dage shi ba ruwansa da wasan, baburan yake kallo, kuma a cikinsu babu mai lafiyayyar taya. Wani kuma, da ƙanensa ke zaune can wajen da 'yan fashin gaske suke shiga gari a kan babura, ya ce shi bai ga abin dariya ba, na gasken ba haka suke zuwa ba. Ba a jima ba aka ci gaba da tsiya.

Malam Sama'ilu yana ta bin masu rawanin ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya yi tsawo, wancan ya yi kauri. Ko bai yi ba? Yaya ma kafaɗar yaron take? Ya rasa.

Can 'yan banga suka yi wa 'yan fashin kwanton ɓauna a bakin wata gonar gyaɗa. Tun kafin a yi harbin rumfar ta fara motsi, ana zungurar juna: "Ga shi nan, ga wurin nan!" Bindiga ta tashi. Na can baya aka samu. Maimakon ya faɗi, sai ya rage gudu, ya tsaya, ya sauka a natse, ya kafe babur ɗin, har ya ɗan girgiza shi ya tabbatar ya tsaya. Sannan ya dafe ƙirji, ya nemi wuri mai laushi tsakanin kunyoyi, ya kwanta ya mutu.

Rumfar ta kece. Wani ya faɗo daga benci. "Khalilu, mayar! Don Allah mayar!" Khalilu ya mayar. Malam Sama'ilu ya danne, ya danne, abin ya fi ƙarfinsa. Tun da aka kawo labarin motar bai yi dariya ba sai yau, kuma ya yi ta har da hawaye, yana riƙe da ciki, yana cewa, "Kai, wannan ɗan banza ne!"

Fim ya ƙare ba wanda ya kwance rawani sai shugaban, shi kuma ɗan birni ne. Khalilu ya yaye buhun ƙofa, haske ya shigo. A nan ne Tasi'u, abokin Uwaisu da suka yi acaɓa tare, ya waiga ya ga dattijon. Ya zo ya durƙusa.

"Baba, kai ne a nan?"

Waɗanda suka san shi suka fara zare jiki.

"Gyatumarsa ce ta aiko ni," in ji Malam Sama'ilu. "An ce yaron nan yana ciki. Ban gan shi ba. Ko na biyun nan ne, mai jan babur?"

"Wannan ni ne, Baba."

"To mai riƙe da tuta?"

"Wani ne daga Minjibir."

Dattijon ya dube shi yana jira. Tasi'u ya kalli ƙasa, ya kalli Khalilu, ba wanda ya cece shi.

"Shi ne na baya, Baba. Wanda aka harba." Ya ci gaba da cewa, "Mai fim ɗin ya yi ta faɗa, ya ce ya saki babur ɗin ya faɗi da shi. Shi kuwa Uwaisu ya ce ba zai yar ba, da shi ake cefanen gidansu. In ya karye wa zai gyara masa?"

Khalilu ya ce a hankali, "Baba, in mayar maka?"

Ya gyaɗa kai. Aka sake toshe ƙofa. Wannan karon ba wanda ya yi tari. Ya matsa har gaban talabijin ɗin, ya tsaya yana kallon ɗansa kai tsaye, abin da bai taɓa yi ba. Bayan yaron kawai ake gani, da hannun da ke girgiza babur, da tafin ƙafarsa cikin gyaɗa. Fuskar tana cikin rawani har ya kwanta.

Da ƙafa ya koma gida, ta cikin gero, duk da masu babur sun yi ta tsayawa. Baƙin ciki ya cika masa ƙirji, ga kunya irin wadda bai san da ita ba.

Hure tana tsakar gida ta tasa tankaɗe a gaba, ba ta taɓa shi ba. Ta miƙe tun kafin ya gama sallama.

"Ka gan shi?"

"Na gan shi."

"Yaya fuskar tasa? Ya rame?"

Ya zauna a kan turmin da ke kife, ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Ba su nuna fuskar ba, Hure. Ban ma gane shi ba." Sannan ya ce, "Uwaisu ya faɗi a gabana, ni kuwa ina ta dariya."