Lallen Zuwa Hawata

Mudi ya kusa shekara biyu, amma tafin ƙafarsa laushi kamar kisira, siririyar wainar nan ta safe. Duk unguwarsu a Gadarif ta Sudan an san dalili, ban da mutanen gidan. Shi ne jika namiji na farko bayan mata shida, saboda haka kakarsa Inna ta kafa doka: ƙasa ba ta taɓa shi. Ƙasa akwai kunama, akwai ƙaya, akwai idon mutane. Daga bayan Inna sai kafaɗar Goggo Asiya, daga nan sai cinyar Goggo Kande. Uwarsa Ummusalama kuwa sai lokacin nono ake ba ta aronsa.

Yaro ya yi ɓul-ɓul, ya ƙi tafiya. To ina za shi? Ko tsinke ya nuna, mutum uku ne ke rige-rigen miƙo masa.

Sai Inna ta ce ƙafafun ne suka mutu. Ran Asabar za ta hau lori da shi zuwa Hawata, wurin wani tsoho mai ɗora ƙarfe mai zafi a gwiwar yara. Ubansa Kassim yana can yankan riɗi a Ƙala'at an-Nahal, ba mai cewa a'a. Ummusalama ta kalli gwiwoyin nan masu taushi. Ta gwada cewa a ɗan ajiye shi ƙasa a gani. Inna ta tambaye ta 'ya'ya nawa ta taɓa raino.

Ran Juma'a da hantsi Ummusalama ta kwaɓa lalle cike da kwano. Ta durƙusa ta ce, "Inna, ai ba kya shiga Hawata da ƙafa fara fat ba, sai su ce ba ki da suruka."

Maganar ta shige ta. Aka kwantar da Inna a angare, gadon nan na igiya, aka lafta mata hannu da ƙafa. Goggonni suka ce su ma ba za a bar su a baya ba. Ummusalama ta yi musu har wuyan hannu, ta dire Mudi a tsakar gida, ta tsoma nata hannuwan a sauran lallen.

Mudi ya dubi ƙasa kamar baƙon gari, ya ɓare baki. Inna ta ce a ɗauke shi. Kowacce ta ɗaga hannu ta nuna lalle. Wa za ta ɓata adonta? Ana haka Hanatu maƙwabciya ta shigo, don dama an aika mata, da 'yarta mai wata goma sha ɗaya, wadda ta tashi a bakin gona tana bin awaki. 'Yar ta zo ta warce zalabiya, ɗan fanken da ke hannun Mudi, ta yi gaba.

Ya jira a ƙwato masa. Shiru. Ya ƙara kuka, ya leƙa fuskoki. Shiru. Sai ya dafa ƙafar angare, ya miƙe yana rawa kamar sabon ɗan maraƙi. Taku ɗaya, biyu, uku, huɗu, na biyar cikin kwanon lalle.

Inna ta daɗe tana kallo, hannuwa a sama. Can ta ce, "Kun ga tsohon Hawata? Sunansa kawai yaron nan ya ji. Khalas, shi ke nan, an fasa lori."

Ummusalama ta ce wallahi Inna ta yi gaskiya, tsohon ya iya aiki.